Faifan da Kaka Ta Yi Waƙa a Ciki

A gidanmu na unguwar Congo-Russia, idan damina ta yi nisa, sanyin Jos ba ya jiran dare. Da an ci tuwo, Kaka Ladi, mahaifiyar Mama, takan jawo kaskon garwashi tsakiyar falo, mu jikoki mu kewaye shi muna ture-ture. Ba ta buɗe tatsuniya yadda kowa yake yi. Cewa take, "Ku matso, labari ba ya son sanyi."

A lungun ɗakin akwai garmahon da kakanmu ya saya lokacin yana aikin kuza, da faya-fayai cikin akwatin katako. Ɗaya ya fi sauran daraja. Waƙoƙin matan majami'armu ne, an ɗauka tun Kaka tana amarya, kuma ita ce mai ba da waƙa, sauran suna amshi. Sai an gama tatsuniya take sa shi, gefe ɗaya kawai, wai kada allura ta cinye mata murya. Takan goge shi da bakin zani tana hararar mu. Duk wanda ya taɓa, jikinsa zai gaya masa.

Tatsuniyar da ta fi maimaitawa ta wani manomi ce da ya gaji irin acca daga ubansa, fara tas, mai ƙamshi. Wata shekara kasuwa ta kafu kusa da ƙauyensu, hatsi ya yi arha. Mutumin ya ce me zai sa ya yi ta fama da gara da ɓeraye alhali ga kasuwa? Ya sa aka dafa masa gwate da irin, ya rushe rumbun. Kasuwa kuwa ba ta tashi ba, kullum cike take. Amma da bikin 'yarsa ya zo, ya zagaye ta kaf yana neman accar gidansu, babu mai ita.

Mukan tambayi Kaka ko yunwa ce ta kashe shi. Sai ta ce, "A'a, da ƙoshinshi ya mutu. Shi ne abin tausayin." Mu kam hankalinmu yana kan garmaho.

Bayan rasuwarta muka koma Gada Biyu, gidan da bai kai wancan ba. Ni ne babba, ni ne mai sabuwar waya, ina ji da kaina. Na ce wa Mama duk waƙoƙin duniya suna cikin wayar nan, kuɗin saurarensu na wata guda bai kai na farantin shinkafa biyu ba. Mai musayar robobi da tsofaffin kaya ya zo wucewa, na ba shi garmaho da akwatin, ya ba ni bokiti biyu da baho. Ko buɗe akwatin ban yi ba. Da Mama ta tambayi faifan Kaka, na ce zan nemo mata a waya. Ta yarda, don ta ɗauka ɗan boko ya san abin da yake faɗa.

Bana idanun Mama suka yi rauni, ta daina fita. Ta ce abu ɗaya take so, ta ji muryar uwarta. Na bincika ko'ina a wayar, babu. Wa zai ɗora waƙar matan wata ƙaramar majami'a?

Aka kwatanta mini wani dattijo a Titin Bauchi mai sayar da tsofaffin faya-fayai. Ina faɗa masa ya gane faifan, ya girgiza kai.

"Oga, wannan ai Turawa sun kwashe. Da a bola muna tsinta, yanzu da dala ne ana magana."

Ya nuna mini hoton guda ɗaya da wani ya sa a kasuwa a ƙasar waje. Kuɗinsa ya fi albashina na wata uku, kuma ya ce bara bai kai haka ba.

A bakin shagon nan na fahimci manomin Kaka, bayan shekara talatin. Ban rasa waƙa ba, ina da fiye da abin da zan iya ji har in mutu. Tamu ce babu, kuma da hannuna na bayar. Abin yana ci mini rai har yau.

Na koma na gaya wa Mama gaskiya. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta ce ba komai, za ta rera da kanta. Ta ɗauki baitin farko, ta shiga na biyu, sai ta tsaya. Ta juyo da fuskarta wajen da take jin numfashina.

"Ɗana, mene ne na gaba?"

Ban sani ba.