Ramin da Baba Markus Ya Yanka a Takalmi

Baba Markus baduku ne a unguwar Gamkalley, mutumin Dogon Dutsi, mai baƙin rai kamar ya ci bashin dariya. Kullum yana zaune, ƙafafu lulluɓe da buhu. Ni Lami ban ƙaunaci halinsa ba, sai shekara biyu bayan samun mulkin kai, da wuya ta kai ni gabansa.

Maigidana Bitrus yana kai takardu a wani biro, wato ofis, a unguwar Filato, a ƙasa yake zuwa ya dawo. Ya warke daga kuturta tuntuni, amma tafin ƙafarsa ta dama ba ya jin komai. Gyambo ya buɗe a gindin babban yatsa. Likita ya ce in bai fara rufewa cikin wata guda ba, yanke ƙafar za a yi. Hankalina ya tashi. Kowace safiya ina cusa auduga cikin takalminsa, daidai kan ciwon, don ya ji laushi. Gyambon kuwa sai ƙara faɗi yake.

Saura sati uku muka je wurin Markus. Ko gaisuwa bai amsa da kyau ba. Ya zazzage audugar, ya tambaya wace mai hankali ce ta yi wannan aiki. Na cije leɓe. Ya shafa wa Bitrus baƙin tukunya a tafi, ban da bakin ciwon, ya sa shi taka takarda. Kewayen gyambon ya fito baƙi ƙirin. Ya ce nan nauyin jiki ke sauka, ni kuma na ƙara masa tudu.

Ya fere robar taya ta shimfiɗawa cikin takalmin, gefe ɗaya kauri, ɗaya siriri, don nauyi ya koma diddige da gefen ƙafa. Daidai ciwon sai ya yanke rami. Na ce rami kuma? Ya ce in bar shi da aikinsa.

Sati ukun nan abinci bai yi mini daɗi ba. Ranar da likita ya kwance ƙyallen da aka ɗaure ciwon da shi, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce nama ya fara cikowa, a bar ƙafar.

Na koma godiya, da kunya ta ishe ni. Cikin kuka na ce ni ce na kusa gurgunta mijina. Markus ya janye buhun. Ƙafarsa ta hagu a idon sawu ta ƙare.

"Daina kuka, ɗiyata," in ji shi. "Ni ma uwata ce ta cusa mini auduga."