Mai Fiton Pontianak da Randunan Dayang Salbiah

Sunansa cikakke Abang Jamhari bin Abang Usup, mutumin Jongkong, mai fito a mashigin Siantan da ke birnin Pontianak. Mun haɗu a watan Maris na shekarar 2012, ranar da rana ke tsayawa tsaka har inuwar mutum ta shige ƙarƙashin ƙafarsa, na shiga kwale-kwalensa zan haye kogin Kapuas. Kafin mu kai tsakiyar ruwa ya riga ya jero mini dalilan da za su sa in tattara iyalina in dawo Pontianak da zama, alhali kuwa a unguwar da muka baro aka yanke mini cibiya.

Haka yake yi wa duk wanda ya taka jirginsa. Jamhari ya yi shekara hamsin yana su a can saman kogi bai taɓa ganin birni ba, sai da wani maƙwabcinsa ya karye a ƙugu ya rako shi asibiti. Maƙwabcin ya warke ya koma gida, ɗan rakiya ya ƙi komawa. Ya sayar da komarsa, ya sayi tsohon kwale-kwale mai inji, ya kama gidan katako a bakin ruwa, tun daga ranar kuwa bakinsa bai huta da yabon garin ba.

"Kai dai duba can," in ji shi, hannu ɗaya a kan inji ɗaya a sama. "Wancan benen bara babu shi. Likitan ido daban, na haƙori daban, in ka ga dama ka yi ciwo iri-iri a wuni ɗaya. Jami'a ga ta a bayan gida. Gidan shan kofi kuwa, in ka yi tuntuɓe a cikin wani za ka faɗa. Ba Jakarta ba ce, da za ka fita da asuba ka isa da furfura. Ba kuma ƙauye ba ne, da in ka yi atishawa a amsa maka daga gida goma. A ina ka taɓa jin garin da ƙwai ke tsayawa da gindinsa a rana irin ta yau in ba nan ba?"

"Bang Jam, ai mun riga mun zo!" in ji matan kasuwa. "Dubi gabanka, ga jirgin katako nan tafe!"

Akwai wani tsohon mai fito da suke ɗaure jirage a turke ɗaya, Wak Sarkawi, mutum mai kaifin harshe. Shi ne ya taɓa masa inda ke ciwo. "Wa'azin nan naka duk ga waɗanda suka riga suka tuba kake yi. Ina wadda ba ta tuba ba?"

Wadda ba ta tuba ba ita ce matarsa, Dayang Salbiah. Tana can Jongkong a gidansu na kan ruwa, da kejin kifinta da tukwanen uwarta, 'ya'ya sun girma sun watse. Duk Sallah Jamhari kan koma mata da sababbin dalilai, ita kuma ta karɓe su ɗaya bayan ɗaya kamar mai fere rogo. Shi yana kiranta Dek, wato ƙanwa, ita tana kiransa Bang, wato yaya.

"A can fitila a ko'ina, Dek, dare kamar rana."

"Me zan gani da dare, Bang? Fuskarka? Na gan ta da rana, ta ishe ni."

"Akwai matakalar da ke hawa da mutum da kanta."

"Allah ya ba guragu lafiya."

A ranin shekarar 2014 wasa ya ƙare. Salbiah ta buga masa waya ta ce ita ba waya ta aura ba. In ruwan damina ya cika kogi bai tattara ya dawo gida ba, za ta ɗauka birnin ya aura, kowa ya kama gabansa. Jamhari ya wuni ranar yana fito bai yabi ko bene ɗaya ba, har matan kasuwa suka tambaya ko zazzaɓi yake. Barin Pontianak a wurinsa kamar zare rai ne, rasa Salbiah kuma bai ma iya kawo shi a zuciya ba.

Wak Sarkawi ya ce masa cikin zolaya, "Ba an ce wanda ya sha ruwan Kapuas dole ƙafarsa ta dawo da shi Pontianak ba? Ɗura mata mana."

Tsohon wasa yake yi, amma Jamhari ya daka tsalle har jirgin ya yi tangal-tangal. Tun da ita ba za ta zo wurin ruwan ba, ai ruwan sai ya je wurinta. Ya wanke kwalba, ya tuƙa zuwa tsakiyar kogi daidai gaban tsohon masallaci, ya yi bisimilla ya cika ta. Bai ɗanɗana ba, domin a Pontianak ba mai kai ruwan kogi baki. Kowane gida da randunansa a ƙarƙashin indararo, ruwan sama ake sha. Bai kuma tuna cewa da rani teku kan turo zartsinta har cikin gari ba. Ya hau mota ya rungume kwalbar a ƙirji kamar jinjiri har Jongkong.

Da isarsa ya ce yau shi zai dafa mata kofi. Salbiah ta dube shi sama da ƙasa, mutumin da tun aurensu bai taɓa hura wuta ba.

"Ruwa ba ya tsami banza," ta ce. "Me ka ɓata?"

"Ƙauna ce kawai, Dek. Zauna."

Ya kawo mata yana murmushi har kunne. Ta kurɓa, sannan ta sunkuya ta fesar ta tsakanin katakon ƙasa.

"Kofi ka dafa ko romon kifi?"

Babu mafita, ya fito da kwalbar ya faɗi gaskiya. Salbiah ta yi dariya har ta riƙe ginshiƙi, ta leƙa taga ta ƙwala wa maƙwabta kira. "Ku zo ku ga mai ilimin birni! Ya kawo mini ruwan Kapuas! Bang, wannan da ke gudu a ƙarƙashin ɗakina mene ne sunansa? Ta ƙofata yake bi kafin ya zo muku. Abin da na wanke tukunya da shi ka hau mota ka dawo mini da shi!"

Maƙwabta suka yi ta faɗuwa don dariya, Jamhari yana neman inda zai sa kansa. Sai Salbiah ta ɗauki kwalbar, ta ɗiga a tafin hannu ta lasa. Dariyar ta ɗauke daga fuskarta.

"Tsaya tukuna. Wannan kake sha a can?"

Nan Jamhari ya tsaya cak. In ya ce a'a, ruwan sama muke sha, ya ƙara tona wa kansa asiri, ya kawo mata abin da shi kansa bai taɓa sha ba. In ya ce i, ya kunyata garin da bai taɓa faɗin aibinsa ba ko a mafarki. Amma ya ga wani abu a idonta da bai gani ba tun da ya fara kawo dalilai, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Shi muke sha."

"Innalillahi! Shi ya sa idonka ya faɗa. Dubi wuya kamar mariƙin ludayi."

Gaskiyar magana tumbi ya ajiye a birni, amma ya tsotse kumatu ya yi ɗan tari.

"Mutanen banza, za su kashe mini miji da gishiri. Ka koma, ina nan tafe."

Ya riga ta dawowa ta mota, ita kuma ta biyo jirgin kaya da manyan randunan uwarta guda uku, cike da ruwan Jongkong, an ɗaure bakinsu da ganye. A kwanakin jiran nan mutanen mashigi suka ga abin al'ajabi. Jamhari ya shafe jirginsa da shuɗin fenti, ya yi aski, yana haye da tsofaffi kyauta, yana kuma shela da fara'a, "Jama'a, ruwan garin nan ba shi da kyau! Gishiri zalla! Alhamdulillahi!"

"Shi ke nan, ya taɓu," in ji Wak Sarkawi. "Ni na jawo, Allah ya yafe mini."

Sai dai ramin ƙarya ƙurarre ne. Ranar da Salbiah ta sauka, 'yan dako na biye da ita da randuna, tana taka gadar katako ta unguwa tana kallon hagu da dama. Kowane gida randuna jere a ƙarƙashin indararo. Ta tsaya ƙofar wata tsohuwa ta roƙi ruwan sha, aka miƙo mata, ta shanye, ruwa garau mai sanyi. Ta mayar da moɗa da godiya, ta juyo ta dubi mijinta, wanda ya tsunduma cikin nazarin farcen ƙafarsa.

"Bang."

"Na'am, Dek."

"Ba zan zubar da ruwan gida a garin maƙaryata ba, ba kuma zan sake biyan dakonsa ba. Zan zauna in shanye abina. Ranar da randar ƙarshe ta ƙare, ranar zan hau jirgi. Kai kuma ka san abin da na faɗa maka."

Aka jera randunan a bayan ɗakin girki. Jamhari ya kwana da lissafin da bai wuce ɗaya ba: kada randa ta ƙare. Da damina ta sauka abin ya zo masa da sauƙi. Duk sanda ta fita sai ya ɗebo ruwan sama daga nasa randunan ya ƙara a nata, kaɗan-kaɗan, yadda ido ba zai kama ba. Ita kuwa kullum ta buɗe murfi sai ta ce, "Ikon Allah, ruwan Jongkong da albarka yake," ta rufe.

Ta ci gaba da zama a matsayin baƙuwa, haka take gaya wa kowa. Baƙuwar ce ta ga kogi yana komawa baya da cikowar teku, ta tsaya riƙe da ƙugu ta ce, "Ka gani, shi ma gida yake son komawa," amma washegari ta sake fitowa kallo. Baƙuwar ce ta je wurin likitan ido ta dawo da tabarau, ta ce ashe mijinta ya fi yadda take zato muni. Ita ce ta fara turara curin kifi irin na Jongkong a ƙofar gida, har ɗaliban jami'a 'yan saman kogi suka riƙa yin layi suna kiranta Mak Long, wato babbar inna. A jajibirin Sallah, da aka fara buga manyan igwogin itace a bakin ruwa, ta toshe kunne ta la'anci garin da mutanensa, sannan ta nemi a ba ta sandar wutar ta kunna ɗaya da hannunta. Jamhari yana ganin wannan duka yana tafiya kamar ba ya taka ƙasa, amma bai kuskura ya yabi garin a gabanta ba.

Sai ranin 2015 ya zo, wanda ya daɗe har hayaƙin gobarar daji ya rufe rana. Indararo ya bushe, randunan unguwa suka koma gidan gizo-gizo, mutane suka koma sayen ruwan jarka. Randar Salbiah ta farko ta ƙare, ta biyu ta bi ta. Ta ukun kuwa in an sa moɗa sai a ji ta daki gindi. Jamhari ya daina shan ruwa a gida, ya ce azumin nafila yake. Ya so ya ƙara mata na sayarwa, amma yana tsoron harshenta, domin matar da ta gane gishiri a cikin kofi ba za ta kasa jin warin roba ba.

"Saya ka zuba," in ji Wak Sarkawi. "In ta kama ka ta tafi, in randa ta ƙare ta tafi. Gara ka mutu kana iyo."

Ranar wata Alhamis da la'asar, lokacin da ya san takan je karatun mata a masallaci, ya ɗaure jirgi da wuri, ya sayi jarka guda ya saɓa a kafaɗa, ya zagaya ta bayan gida yana sanɗa. Yana tura ƙyauren ɗakin girki sai ya yi turus. Ga Salbiah tsaye a kan kujera, tabarau a goshi, ta kafa bakin wata jarkar a cikin randa, ruwa na ta ɓulɓul.

Suka dubi juna. Ruwan bai daina zuba ba.

"Me kike yi, Dek?"

"Ɗauraye bakin randa nake."

"Da jarka guda?"

"Bakin nata da faɗi. Kai kuma me ka ɗauko?"

"Man inji."

"To, matso ka zuba man injin naka a nan, hannuna ya gaji. Ka yi a hankali, kada ka ɓarar mini da ruwan Jongkong."

Ya zuba har randa ta cika ta tumbatsa ta jiƙa musu ƙafafu. Daga nan ya fita a guje ba takalmi, ya bi gadar katako yana gaida mutanen da bai sani ba, ya faɗa jirginsa ya yi ta zagaye a tsakiyar kogi cikin hayaƙi yana kabbara, har masu manyan jirage suka riƙa danna masa oda. Wak Sarkawi ya ce a tsawon zamansa a mashigi bai taɓa ganin an ƙona mai a banza da daɗi irin na ranar ba.

Salbiah ta aika aka sayar da kejin kifin a shekarar da ta biyo, ko da yake ta ce aro ta bayar. Ganina da Jamhari na ƙarshe a gidansa ne, ciwon gwiwa ya hana shi fito, yana zaune yana ɓare lemo, ita kuma tana can baya tana faɗa da kafintocin da ke ƙara musu ɗaki saboda jikoki. Ranar Lahadi ce, 12 ga Fabrairu, 2023.