Ranar da Inna ta musanya fankata da robobi

Shekarun baya, ina ajin ƙarshe a jami'a, na ƙera wata ƙaramar fanka mai aiki da sola a matsayin aikin kammala karatuna. Ba zan ce ta fi ta kasuwa iska ba. Abin da na tsaya a kai shi ne babu gam ko roba a jikinta, noti ne kawai ya riƙe ta, don in ta mutu a kwance ta, alminiyom gefe, wayar tagulla gefe, a sake narkawa.

Na zo hutu gida Kademi da ita, na ishi mahaifiyata da bayani. Kullum sai na ce, "Inna, wannan ko ta lalace ba shara ba ce, 'yan gwangwan za su saya." Da komawata makaranta ta matso, tsoron kada ta karye a mota ya sa na kwance ta, na zuba a tsohon buhu, na ajiye a zaure.

Na dawo daga masallaci babu buhu. Sababbin robobin wanki ne jere a tsakar gida. Da yake ni ne ɗan fari, Inna ba ta kiran sunana.

"Ɗan nan, ashe gaskiyarka. Wani ɗan gwangwan ya zo, yana leƙa buhun ko ciniki bai yi ba, ya ba ni robobin nan."

"Inna, ai ba ta mutu ba. Ita zan kai wa malamai."

Ta ce, "To wa ya ga mai rai a buhu?"

Ba fanka, ba digiri a wannan shekarar. Abokina ya goya ni a babur har Gaya, inda 'yan gwangwan ke tara kaya, yana ta tsokanata a hanya: "Injiniya, ka ƙera abin sayarwa, an sayar, kuma kana kuka?"

Mun sami mutumin ya riga ya ware komai. Ya ce, "Taka ce? Sauran fankoki sai na cinna musu wuta kafin in ciro waya, hayaƙin ya kwana a ƙirjina. Wannan da hannu na gama." Ya tattara mini, na ce zan dawo masa da robobinsa, ya ƙi. Ya ce a bar wa tsohuwa.

Fiffike ɗaya ya lanƙwashe, don haka a gaban malamai fankar tana juyawa tana rawa. Na faɗa musu dalili. Ina jin, ko da yake ban tabbata ba, labarin ne ya fisshe ni.

Har yau ina yi wa mutumin nan addu'a, da abokina da bai bar tsokanar ba. Fankar tana ɗakin Inna, kuma ta gargaɗe ni: ranar da fankar ta mutu da gaske, ita ce mai sayarwa.