Ranar Da Na Ƙi Karɓar Kwalbar Ɗigo Daga Hannun Inna

A lokacin ni yarinya ce mai cikin fari, ina ɗinkin kayan yara a gidan mijina da ke Ƙofar Kwaya a nan Katsina. Da na haifi ɗiyata sai na koma gida Ƙofar 'Yandaka wankan jego a hannun Innata. Tun kafin suna ta aika kyamis aka sayo maganin ɗigawa na kashe ƙwayoyin cuta, wanda kusan kowace mai jego a unguwarmu ke ɗura wa jariri. Ta ce yana hana ela, yana kuma sa cibiya ta warke da wuri. Bayan na koma ɗakina na ɗora a kan haka: mura, zawon haƙori, ɗan zafin jiki, duk sirof ɗin nan ne maganinsu.

Kafin yarinyar ta fara zama, kumatunta suka bushe suka yi ja, abin ya sauka gwiwar hannu da bayan gwiwa. Takan yi ta susa har jini ya fito, sai da na ɗinka mata safar hannu ta auduga. A wani biki wata mata ta janye ɗanta daga tabarmar da na zaunar da ɗiyata, tana cewa ƙazuwa ce. Na goya ɗiyata na fito ko abinci ban ci ba, washegari kuma na yi sammakon asibiti.

Likitar fata ta ce ba ƙazuwa ba ce, ba kuma a ɗauka. Fatar ce ke bori da ƙaiƙayi. Ta ce akwai gado a ciki, tunda baban yarinyar na da asma, kuma ba za ta rantse cewa magani ne ya jawo ba. Sai dai yawan ɗura wa jariri irin wannan magani ba dalili yana kashe ƙwayoyi masu amfani a cikinsa, kuma ana zaton hakan na ƙara haɗarin ciwon. Ta ba mu man shafawa, ta sa muka canza sabulu.

Jarrabawar gaske ta zo ne da na haifi ƙanen ɗiyata. Ina zaune a bakin gado Inna ta miƙo mini kwalbar ɗigo. Na ce ta yi haƙuri, wannan yaron ba zai sha ba sai likita ya rubuta. Ta tambaye ni ko ina nufin ita ta cuci jikarta, ita da ta raine mu duka da shi. Na durƙusa na ba ta haƙuri ina hawaye, amma ban karɓa ba. Har na gama jego gaisuwa kawai ke haɗa mu. Ban taɓa saɓa mata ba sai ranar, kuma har yau abin yana yi mini ciwo.

Yaron yana rarrafe ya yi zazzaɓi da numfashi sama-sama. Na roƙi Inna ta raka ni asibiti. Aka auna shi, aka rubuta maganin kashe ƙwayoyin cuta, na ba shi har ya ƙare. A hanyarmu ta dawowa ta ce ashe ba maganin nake ƙi ba. Na ce mata sha ba awo nake ƙi.

Fatar yaron lafiya lau, ko da yake ban san tabbas ko hanawar ce ta kare shi ba. Yayarsa tana firamare yanzu, ciwon yana tashi yana lafawa, kullum sai na shafe ta da mai kafin ta sa kayan makaranta. Na gane cewa uwa tana iya girmama na gaba da ita kuma ta tsaya wa ɗanta. 'Yan'uwana mata, maganin nan yana ceton rai idan likita ya ga buƙatarsa, amma ba ruwan sha ba ne. Duk wanda ya miƙo muku kwalba don jariri, ko da wadda ta haife ku ce, ku durƙusa ku ba ta haƙuri, ku kai yaron a duba shi.