Kwamfutar Surukin Musbahu

Musbahu ɗan Yalwan Damai ne, manomi ɗan manomi, sai dai Allah ya ba shi kan na'ura. Da ya gama karatun kwamfuta ya zauna a Birnin Kudu, ya haɗa wa masu ajiyar hatsi wata 'yar manhaja. Za a cusa ma'aunin danshi a buhu; in masara ta bushe allo ya nuna alamar daidai, irin ta malamin makaranta, in da saura ya nuna ta kuskure.

Mutum ne mai tsantseni. Duk shagon da ya sa wa ita, sai ya zauna ya gwada da hannunsa. Shago ɗaya ne bai taɓa shiga ba, na Alhaji Buba a Sara, mahaifin matarsa Juwairiyya. Ina shi ina kujerar suruki? Daga bakin ƙofa yake tuɓe takalmi ya durƙusa ya gaida shi. Manhajar ma Juwairiyya ya aika ta kai masa.

Ashe kwamfutar Alhaji tsohuwa ce, ba ta san alamomin nan ba. Busasshiya da ɗanya, duk ɗan akwati fanko take nunawa a maimakon alama. Alhaji ya ji nauyin tambayar mijin 'yarsa, ya ɗauka haka abin yake, ya yi ta jibge buhunan da mutanen Farin Dutse suka ba shi amana.

Ran nan Juwairiyya ta dawo daga gida, ta kwance bakin gyale ta zube masa masara a tabarma, duk ta yi funfuna.

"Me Alhaji ya ce?"

"Cewa ya yi a gaishe ka. Ni na ɗebo. Injiniya guda! Ka gwada wa duk duniya, ka tsallake Babana don kada ku haɗa ido?"

Ranar Musbahu ya zauna gaban kwamfutarsa. Ya gyara manhajar, duk na'urar da ba ta gane alama ba sai ta rubuta BUSASSHIYA ko ƊANYA. Ya kuma haɗa gwajin da ke gudana da kansa, yana kwaikwayon tsofaffin kwamfutoci da sababbi duk sanda aka taɓa wani abu. Amma zuciyarsa ta ƙi yarda da kwaikwayo kaɗai, ga sauran buhuna suna jira.

Ya je Sara ya durƙusa, kansa a ƙasa.

"Alhaji, ina neman izinin shiga."

Tsohon ya kau da kai. "Bismillah, Malam." Ya ɗauki buta ya nufi masallaci, alhali ko rana ba ta take ba.

Musbahu ya ɗosana a gefen kujerar, ya sa gyaran, ya cusa ma'auni a buhun farko. Allo ya rubuta ƊANYA. Ya tuɓe rigarsa ya fara jan buhunan zuwa rana.