Jan Gam a Bindigar Reino Salmi

Ranar da aka buɗe farautar barewa a waccan shekarar, dusar ƙanƙara ta kwana tana zuba, gari na wayewa kuma ta ɗauke cak, babu iska ko ta kaɗa ganye. Irin safiyar da maharba ke roƙo ke nan, don ko ɓera ya gifta sai an ga sawunsa. Reino Salmi yana zaune a maɓoyarsa can bayan ƙauyen Toivola, da bargo a cinya, sai ga wani ƙaton namijin barewa ya fito fili ya ba shi gefe. Ya saita, ya harba. Dabbar ta faɗi, ta miƙe da ƙafa uku, ta shige fadama.

Shi da Waino, abokinsa tun na ƙuruciya, suka wuni suna bin jini a kan ƙanƙara har ya ɓace musu. A wajenmu, in maharbi ya kuskure, dariya ake yi masa, a yanke masa gindin riga a kafe a bangon bukkar farauta. Amma ka raunata dabba ta tafi ta mutu a hankali, wannan ba a yi masa dariya. Ran nan babu wanda ya taɓa rigar Reino. Da aka zauna cin abinci ya ce madubin saitin da ke kan bindigar ne ya goce, notin da ke riƙe da shi ya saki. Kowa ya ce haka ne, ya ci gaba da kallon kwanonsa.

Abin da ya sa maganar ta yi nauyi, duk yankin an san notin Reino ba ya saki. Gyaran inji ya yi a masana'antar katako har ya ajiye aiki, kuma kowace kaka garejinsa cika yake da bindigogin mutane. Bindiga in ta sha harbi, girgiza takan sassauta ƙananan notin da ke riƙe madubi ko fitila a kan ƙarfen doronta. Reino sai ya kwance su, ya wanke maiƙon zaren da sipirit, ya jira su bushe, ya ɗiga wa kowanne gam ɗin noti da tsinken sakace, ɗigo ɗaya tak, ya ɗaure, ya ce a bar ta ta kwana. Ba ya karɓar komai sai dai in an kawo masa kyafaffen kifi.

Gam ɗin iri biyu ne. Shuɗi yana riƙewa, amma in an sa ƙarfi da sukurudireba zai kwance. Ja kuwa in ya kama, sai an gasa da wuta. Reino shuɗi kaɗai yake taɓawa. Yakan ce abin da ka ɗaure yau, wata rana wani zai so kwance shi. Ya taɓa korar surukin Waino daga garejin don ya zo masa da bindigar da aka malale da ja.

Gaskiyar maganar, hannun Reino na dama ne ya fara rawa, tun bayan rasuwar matarsa. Waino ya gani, ya kawar da kai. 'Yarsa Marlys, wadda ke zuwa daga garin Houghton kowace Lahadi da burodin nama mai zafi a nannaɗe cikin tawul, ita ba ta yi shiru ba. Ta ji yadda kofinsa ke ƙara a kan faranti, ta ce su je wurin likita, kuma ya huta da bindigar nan haka. Ya ce mata sanyi ne, kuma ita me ta sani game da noti?

Da ƙanƙara ta narke, ya kwance madubin ya sake ɗaure shi da shuɗi. Ya kafe farantin takarda a jikin kututture a bayan gida, ya harba. Harsasai suka warwatsu. Ya sake kwancewa, ya sake wankewa, ya sake ɗigawa. Haka ya cinye damina, kullum da sabon laifin da zai ɗora wa ƙarfe. Muddin noti na iya saki, to akwai abin da zai gaya wa Marlys, akwai kuma abin da zai gaya wa kansa.

Wata Asabar, ganye ya fara ja, Waino ya shigo garejin ya tarar da shi da sabuwar 'yar kwalba.

"Kai, tsoho, ja ne fa a hannunka."

"Na gani. Idona bai mutu ba tukuna."

"Kai da ka kori surukina saboda shi? Har yau in ya biyo ta layin nan sai ya ƙara mai."

"Riƙe mini fitila, ka rufe mini baki."

Waino ya riƙe. Tsinken ya yi ta kewaya notin kafin ɗigon ya sauka inda ake so. Duk su biyun sun san abin da ake yi: daga gobe babu sauran noti da za a zarga.

Kashegari bayan an tashi daga coci, Reino ya ce wa Marlys ta ajiye burodin ta biyo shi da Waino bayan gida. Ya zauna, ya ɗora bindigar a kan buhun yashi, ya daɗe yana numfashi, sannan ya harbe abin da ke cikinta. Ɗaya ya ɗan tsage gefen farantin. Sauran ba a ga inda suka bi ba.

Ya sake ɗura mata harsashi ya miƙa wa Waino. Waino ya ce kafaɗarsa na ciwo. Reino ya tsaya da hannu a miƙe har Waino ya karɓa. Duk da yanar da ke idonsa, Waino ya tara nasa a tsakiyar farantin, wurin da tafin hannu zai rufe. Ya fara cewa ai sa'a ce, kuma ɗazu akwai 'yar iska. Reino ya ce masa ya bari, shekara nawa suna tare bai taɓa iya ƙarya ba.

Reino ya karɓi bindigar, ya duba ya tabbatar babu harsashi a ciki, ya goge doron da hannun rigarsa, ya miƙa wa 'yarsa.

"Ungo. Yaushe likitan nan naki yake zama?"

"Ranar Talata, Baba."

"To. Mu je mu ci burodin kafin ya huce."

Da aka buɗe farauta a kakar nan ya bi su Waino bukkar farauta, ya zauna gindin murhu yana dafa kofi, yana jin harbi daga nesa yana faɗin bindigar wane ce. Ta gaba bai iya zuwa ba. Mijin Marlys ya so ya gasa notin ya cire tsohon madubin ya sa na zamani, ta ce a bar shi yadda Baba ya ɗaure.

Yanzu Reino yana gidan kula da tsofaffi a garin Hancock, a ɗakin da tagarsa ke kallon ruwa, ana ba shi kofi a kofi mai murfi. Kwalbar shuɗin gam tana wurin Waino. Bindigar kuma tana kulle a kabad ɗin Marlys, da madubinta a kai.