Gadon Ƙasar da Na Tarar a Ɗakin Haya

Shekarun baya can, tun gemuna bai san furfura ba, neman abinci ya taɓa fitar da ni daga Ƙarfi ya kai ni har bayan kogin Kwara. Dukanci na gada a wurin mahaifina, amma mu huɗu ne a gida muke rububin fata ɗaya, kuma manomin wajenmu in ka ɗinka masa takalmi sai ya shekara biyar yana kawo maka gyara. Da fatake suka ce a ƙasar Yarabawa masu dawaki na neman wanda ya iya sirdi da ragama ruwa a jallo, sai na ƙulle basillata da wuƙata na bi ayarin kanwa. Mahaifiyata ba ta hana ni ba. Abin da ta ce kawai, “Duk inda ka sauka, ka nemi mai gida kafin ka nemi aiki.”

Garin da na yada zango yana kudu da Ilori, tafiyar kwana biyu. Babu unguwar Hausawa, ayari kuma ya wuce ya bar ni, ga shi ko “zo in kashe ka” ban sani ba da harshensu. Mutum ɗaya na samu mai jin Hausa, wani tsoho Bazazzagi da ke kiwon dawakin sarkin yaƙin garin. Shi ya samo mini aiki a bargar, shi kuma ya fassara mini maganar mahaifiyata.

“Ɗana, ka gan ni nan? Da ƙafata na zo garin nan, kamar kai. Ban sami gidan da zai ce ni nasa ne ba, ranar kasuwa ta uku aka sa mini igiya, na zama bawa. In ba ka da mai gida a nan, duk wanda ya riga kama hannunka shi ne mai kai.”

Ranar ko tuwo ban iya ci ba. Washegari Baba, haka nake kiransa, ya kai ni wani ƙaton gida mai ɗakuna a jere da doguwar rumfa, awaki da mutane kowa na harkarsa. Ɗakin da za a ba ni na wata tsohuwa ne mai suyar ƙosai, wadda mijinta ya rasu, tana zaune cikin dangin mijin. Kowa Iya yake ce mata, ni ma na bi sahu. Kuɗin hayar bai taka kara ya karya ba, har na yi mamaki, amma wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

Da na shiga, sai na ga wani tudu a jikin bango, an shafe shi sumul, tsawonsa daidai tsawon mutum. Raina ya yi fari. Na ce, “Baba, ashe su ma sun san gadon ƙasa.” Ya yi ɗan tari, ya kalli rufin ɗaki, ya ce in zo mu je in ga dawakin.

A nan ya kamata in faɗi wani hali nawa. Ni matsoracin gawa ne na bugawa a jarida da a ce akwai ta a lokacin, in ji yaran yanzu. A gida dai kowa ya san ni. Hanyar kasuwar Kafur ta bi ta gefen maƙabarta, ni kuwa ko da rana tsaka sai na zaga ta gonakin Maguzawa, har suka riƙa tambayata ko na zo taya su noma ne. To wannan jarumin ne ya shimfiɗa tabarmarsa a kan tudun nan, ya yi wata huɗu yana sharar barci har da minshari.

Iya ba ta taɓa shiga ɗakin ba. Kullum da safe dai takan tsaya a bakin ƙofa, ta ɗan rusuna, ta yi magana ƙasa-ƙasa. Ni kuma daga ciki in amsa da ƙarfi, “Lafiya lau, Iya.” Sai ta yi murmushi ta ajiye mini ƙosai a ganye ta wuce. Na riƙa cewa a raina ban taɓa ganin tsohuwa mai ladabi ga yaro irin wannan ba.

Sai damina ta kankama. Daminarsu ba irin tamu ba ce da za a yi ruwa a ɗauke rana ta fito. Kwana da kwanaki ana tsiyaya, fatun aikina suka yi fumfuna, bayana ya riƙe, sanyi ya shige mini ƙashi. Na tuna gadon mahaifiyata, wanda ake zuba garwashi a kogon ƙarƙashinsa mutum ya kwana yana gumi. Na duba nawa, babu kogo. Na ce lallai maginin nan bai gama koyo ba, bari in ƙarasa masa. Da hantsi na ɗauko fartanya a tsakar gida na fara sara daga gefe.

Ban kai tsawon hannu ba na ji an yaye asabarin ƙofa. Iya ce. Ƙwaryar hannunta ta faɗi, ta ɗora hannu a ka, ta saki wata irin ƙara da har yau ina jin ta. Kafin in miƙe, maza sun cika ɗakin. Suka ja ni ta ƙafa zuwa tsakar gida cikin taɓo, wani ya ƙwace fartanyar, wani ya zo da adda, wani kuma da igiya. Igiyar ce ta fi tsorata ni.

Allah ya sa aka kira Baba. Ya zo yana haki, ya leƙa ɗakin, ya fito ya tsuguna kusa da ni.

“Ɗana, ka kashe mu. Kabarin mijin Iya ne. Su a ɗaki suke binne manyansu.”

“Baba, ka sani ka yi shiru?”

“In na faɗa maka za ka shiga? Wane gida kuma zai karɓe ka? Na zaci a ƙasa za ka kwanta kamar kowa.”

Mazan suna ta hayaniya, ƙanin mamacin shi ne kan gaba. Baba ya ce cewa suke ƙashin ɗan’uwansu na zo sata in yi asiri, tun farko abin da ya kawo ni ke nan. Iya ta ɗaga hannu, aka yi shiru. Ta sa Baba ya tambaye ni dalilina. Na faɗa: sanyi, ciwon baya, gadon uwata, garwashi. Ta tambaya to a ina nake kwana duk watannin nan. Na ce a kai. Baba ya daɗe kafin ya yarda ya fassara wannan.

Tsohuwar nan ta dube ni daga sama har ƙasa. Sai kafaɗunta suka fara girgiza. Dariya ce, ta yi ta har ta zauna a kan turmi, hawaye na zuba, ban san inda dariyar ta ƙare kukan ya fara ba. Daga nan ta taso ta ɗora hannunta a kaina, ta fuskanci mazan ta yi doguwar magana. Baba ya ɗan tsakuro mini: ta ce mijinta mutum ne da ba ya raga wa kowa, da ya ƙi ni da tun kwanan farko ya wurgo ni ƙasa, wanda ya goya wata huɗu kuwa ɗansa ne. Sauran maganar Baba bai fassara ba. Ƙanin mamacin ya tofar da yawu, ya shiga ya duba ramin da kansa, ya fito ya jefar da igiyar.

Suka yi nasu al’adun da akuya da goro, ni ina gefe ina nawa istigfarin. Ni na cike ramin, na nemo makuba na daɓe ɗakin gaba ɗaya irin daɓen gidanmu, har matan gidan suka riƙa zuwa kallo. Tabarmata ta koma ƙasa, can ƙarshen bango, Iya kuma ta ba ni kaskon wuta. Ba zan yi muku ƙarya in ce na yi barci a makon farko ba. Amma da safe in ta tsaya gaida mijinta, na koyi kama bakina har sai ta gama, sannan ta gaishe ni dabam.

Shekara uku na yi a ɗakin. Ranar da zan bi ayarin komowa, na yi mata sallama da guntun Yarabancina, ta ja kunnena ta cika mini jaka da guzuri. Baba ya raka ni har bayan gari, nan ne ya ce akwai abin da ya ajiye mini.

“Ranar fartanya, sun riga sun aika a kira mai sayen mutane da ke kai su bakin teku. Abin da ban fassara maka ba, Iya ta ce musu a buɗe kabarin a duba. In an rasa ko ɗan yatsa, a ɗaure ta tare da kai a sayar. Ta hana ni faɗa maka, wai kada ka ji nauyi ka tashi daga ɗakin.”

Na juya zan koma, Baba ya riƙe ni, ya nuna mini jakunan ayarin da suka riga suka yi nisa. Madugu ba ya jiran kowa, wani ayarin kuma sai baɗi. Na bi su ina kuka kamar yaro, fatake suna zaton murnar gida ce.

Ban sake komawa ba, kuma ban taɓa samun wanda zan aika ba. Yau ina Ƙarfi da ’ya’ya bakwai da jikokin da ke cika mini zaure da surutu, duk bayan waccan ranar aka haife su. Wani lokaci ina ɗinki sai in ɗaga kai in dube su, in tuna cewa da tsohuwar nan ta yi shiru, babu ko ɗayansu. Na gode mata a kan ƙosai ya fi sau ɗari, amma a kan wuyana da ta cire daga igiya ban taɓa ce mata ko sannu ba.